Yadda Ake Canza Fulin Sufacaja Don Ƙara Matsin Iska Ba Tare Da Inji Ya Buga Ba

Masu motocin da ke da sufacaja, irin su Mercedes-Benz mai tambarin Kompressor, da Range Rover Sport Supercharged, da Audi mai injin 3.0 TFSI, da Mini Cooper S ta shekarun 2002 zuwa 2006, sun daɗe suna maimaita tambaya guda: yaya ake rage girman fuli domin mota ta ƙara ƙarfi? Sufacaja famfo ce mai cusa iska cikin inji, kuma bel ne ke juya ta daga fulin karanshaf, wato zagayayyen ƙarfen da bel ke hawa a ƙasan inji. Idan aka ƙanƙantar da fulin da ke bakinta, ko aka ƙara girman na ƙasa, za ta riƙa juyawa da sauri, iska ta ƙaru, injin ya samu damar ƙona mai fiye da da, ƙarfi ya hau. Cire ƙarfe a sa wani aikin yini guda ne. Abin da ke raba wanda ya ci moriyar aikin da wanda ya sauke inji bayan wata biyu shi ne awon da aka yi kafin a ɗauki sifana da wanda aka yi bayan an ɗaure, kuma a kansu ne bayanin nan zai fi daɗewa.

Mataki na 1: Gane irin sufacajarka da yadda fulinta ke riƙe

Mafi yawan motocin da suka fito daga kamfani da sufacaja na kamfanin Eaton suke ɗauke da su: M45 a Mini Cooper S, TVS R1320 a Audi 3.0 TFSI, TVS R1900 a injin Jaguar da Range Rover mai lita 5.0. A irin waɗannan, matse fulin aka yi a kan sandar sufacaja da ƙarfin inji, babu noti babu kusa, don haka sai da kayan aiki na musamman yake fita. Amma akwai motocin da fulin samansu ke haɗe da kuloci mai aiki da lantarki, kamar Mercedes E55 AMG da wasu tsofaffin Kompressor masu injin M111, kuma a kansu an fi canza fulin ƙasa, wato na karanshaf, a sa wanda ya fi girma.

Kada ka dogara da rubutun da ke jikin mota. Motar da ta shigo ta Kwatano ko tashar Legas ta riga ta ratsa hannuwa da yawa, kuma mai yiwuwa wani ya taɓa canza fulin tun a ƙasar waje. Ka sa baniya, wato ma'aunin faɗin ƙarfe mai baki biyu, ka auna faɗin fulin sama da na ƙasa a wurin da bel ke kwanciya, ka rubuta da milimita, ka gwama da girman da kamfani ya sa.

Mataki na 2: Tabbatar da lafiyar injin

Ƙarin matsin iska ba ya gyara inji mai rauni, tona masa asiri yake yi. Ka jona kwamfutar duba mota ka karanta duk kurakuran da ƙwaƙwalwar mota ta ajiye, ka gyara su tukuna. Ka auna matsin kowace silinda. Idan bambancin da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ya wuce kashi 10 cikin 100, ka dakata da maganar fuli har sai an gano dalili. Ka duba ko ruwan lagireto na raguwa, ko baƙin mai na ƙonewa, ko akwai tiyon iska da ya tsage.

Daga nan sai ita sufacajar. Ka saurare ta mota na tsaye injin na aiki: ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani yawanci alama ce cewa robar da ke haɗa sandar gaba da giyoyin ciki ta cinye. Ka cire bel ka girgiza fulin da hannu, domin idan yana wasa sama da ƙasa, boris ya tafi. Sufacaja tana da man kanta daban, ɗan kaɗan ne mai wari ƙwarai, kuma mutane da yawa ba su ma san da shi ba, har mota ta yi tafiyar kilomita 150,000 ba a taɓa leƙa shi ba. Ka canza shi da irin wanda aka yi dominta, ba baƙin man inji ko man giya ba.

Idan motarka irin mai sanyaya iska da ruwa ce, kamar Audi da Range Rover, akwai ƙaramin famfon lantarki da ke zagaya ruwan intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da sufacaja ta matse. Wannan famfo yana mutuwa shiru, ba tare da direba ya ga alamar komai ba sai dai mota ta yi nauyi da rana. Ka tabbata yana aiki.

Mataki na 3: Ɗauki awon farko kafin ka taɓa komai

Wannan matakin aka fi tsallakewa, kuma shi ne na fi jin takaicin a tsallake. Ana bukatar na'urar da ake sokawa a kafar OBD (inda ake jona kwamfutar duba mota) mai iya naɗar bayanai mota na tafiya. Abubuwa huɗu za ka naɗa: matsin iska mafi girma, zafin iskar da ke shiga inji bayan ta wuce intakula, yawan digirin da ƙwaƙwalwar mota ke janye lokacin tartsatsin fulogi saboda ƙwanƙwasa, da gaurayen iska da mai. Ka taka totur har ƙasa a giya ta uku daga juyi 2,500 a minti zuwa kusa da jan layin agogon juyin inji, sau uku a jere, ka rubuta zafin garin a lokacin.

Ƙwanƙwasa tana faruwa ne idan gaurayen mai da iska ya fashe da kansa saboda zafi da matsi, maimakon ya ci wuta a hankali daga bakin fulogi. Ita ce ke fasa gefen fistin, ta karya ringi, ta ƙone gaskit. Ƙwaƙwalwar mota tana jin ta tun kunnenka bai ji ba, sai ta janye tartsatsi ta rage ƙarfi domin ta ceci injin.

Gargaɗi: idan tun da fulin kamfani motar tana janye digiri uku ko huɗu a kai a kai, to ba ta da sararin ɗaukar ƙarin matsi. An ƙera waɗannan injuna ne don fetur mai lambar oktan 95 ko sama (oktan shi ne awon juriyar fetur ga ƙwanƙwasa), alhali a mafi yawan gidajen mai na ƙasarmu fetur iri ɗaya ake sayarwa ba tare da an rubuta lambarsa a jikin famfo ba, ga kuma zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Fulin da ya zauna lafiya a Jamus ko Ingila yana iya zama ajalin inji a nan.

Gargaɗi na biyu: mutum biyu ke wannan gwaji, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da kwamfuta, a kan hanya miƙaƙƙiya da babu jama'a ko dabbobi. Inda akwai na'urar auna ƙarfin mota a tsaye, ita ta fi.

Mataki na 4: Lissafa girman da ya dace

Lissafi biyu ne, kuma duka ana iya yin su da waya.

Na farko, saurin sufacaja. Ka raba faɗin fulin ƙasa da faɗin na sama, ka ninka da juyin inji mafi girma. A Audi 3.0 TFSI, fulin ƙasa milimita 162 ne, na sama kuma 63.25, wato sufacaja na juyawa sau 2.56 duk lokacin da inji ya juya sau ɗaya. A juyi 7,000 tana kaiwa kusan 17,900 a minti. Idan aka sa fuli mai milimita 57.5, za ta kai kusan 19,700. Kowace sufacaja tana da iyakar juyin da kamfaninta ya ƙayyade, sai ka nemi na taka ka tabbata ba ka haura ba. Ka lura kuma cewa rage faɗi da kashi 15 yana ƙara sauri da kusan kashi 18, domin rabawa ake yi, ba ɗebewa ba.

Na biyu, matsin da za a sa rai. Ka ɗauki matsin da ka auna a mataki na 3, ka ƙara masa 14.7, wanda shi ne matsin iskar duniya da ma'aunin psi, ka ninka da faɗin tsohon fuli, ka raba da faɗin sabo, sannan ka cire 14.7. Motar da ke ba da psi 10 za ta ba da kusan 12.7 idan aka rage kashi 10, kusan 14.4 idan kashi 15 ne, kusan 15.8 idan kashi 19 ne. Wannan lissafi na sufacaja irin ta Eaton ne da mai sukurori biyu. Mai fanka irin ta tabo, kamar Vortech da ProCharger, matsinta yana hawa da sauri fiye da haka nesa ba kusa ba, don haka ƙaramin canji a kanta babban canji ne.

A nan ne kwaɗayi ke shigowa. Duk iskar da aka matse tana zafi, kuma sufacaja irin ta Eaton, musamman tsofaffin samfurin M, idan aka tura ta fiye da kima sai ta koma dafa iska fiye da ƙara ta. Ma'auni zai nuna matsi ya hau, amma iskar mai zafi ce mara kauri, ƙwaƙwalwar mota ta janye tartsatsi, ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa ya zube. A kan Mini Cooper S akwai ƙarin matsala, domin famfon ruwan inji a bayan sufacaja yake kuma ita ce ke juya shi, saboda haka fuli ƙarami ƙwarai yana sa shi gudu har ya fara kaɗa kumfa maimakon tura ruwa. Kayan ƙarin ƙarfi na John Cooper Works da kamfanin Mini ya amince da su kusan kashi 11 kawai suka rage, kuma sun zo da fulogi mai sanyi (wanda ke saurin fitar da zafi daga bakinsa) da sabon tsarin ƙwaƙwalwa. A ganina, mai mota a yankinmu ya ɗauki mataki mafi ƙanƙanta da ake sayarwa don motarsa, kada ya wuce kashi 10 zuwa 12 a karon farko. Idan awo ya nuna da sauran sarari, a ƙara daga baya.

Mataki na 5: Tara kaya kafin a buɗe mota

Za ka bukaci sabon fuli da aka yi don samfurin motarka, da na'urar zare fuli wadda makanikai ke kira fula, ita ma ta wannan samfurin, da sabon bel, da fulogi masu sanyi mataki ɗaya, da sifana mai awon ɗauri, da kayan sassauta abin tsuke bel, da baniya, da miƙaƙƙen ƙarfe na duba daidaito.

Kusan duk kayan nan daga waje ake odarsu, don haka da dala ake lissafi. Fulin sama mai kyau yana kamawa daga dala 100 zuwa 250, na'urar zarewa ma kusan haka, bel da fulogi tare ba su cika wuce dala 150 ba. Fulin ƙasa ya fi tsada, sau da yawa ninki biyu ko uku. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne sake tsara ƙwaƙwalwar mota, wanda kan kai daga dala 500 zuwa sama da 1,000. Sai a ɗora kuɗin dako, da na kwastan, da ladan bakanike. Wanda kuɗinsa bai wuce na fuli kaɗai ba, gara ya jira.

Gargaɗi: kada a kai tsohon fuli wurin masu sassaƙa ƙarfe a ce su rage shi, kuma kada a sa su ƙera wani da ido. A juyi 18,000 a minti, kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya cinye boris cikin mako kaɗan.

Mataki na 6: Cire tsohon fuli

A bar inji ya huce sarai, a cire kan batir na baƙar waya. Kafin a taɓa bel, a ɗauki hotonsa da waya ta kowane ɓangare, domin hanyar da yake bi tsakanin fulaye tana rikita ko gwani. A sassauta abin tsuke bel, a kulle shi da fil idan yana da kafar kullewa, a zare bel.

Samun wurin aiki ya danganta da mota. A Mini sai an tallafi inji da jak da katako a ƙasa, an kwance kujerar inji ta gefen da fulin yake, an ɗaga shi kaɗan. A Audi sai an janye gaban mota, wato bamba da lagireto, zuwa gaba.

Yanzu a auna inda tsohon fulin yake zaune: tazarar da ke tsakanin jikin sufacaja da layin farko na fulin. A rubuta. Wannan lambar ce za ta nuna inda sabon zai tsaya, kuma da zarar tsohon ya fita babu sauran hanyar saninta.

A ɗora na'urar zarewa ta rungume fulin ta baya, a shafa giris a zaren sukurorinta, a tabbata bakinta ya zauna a tsakiyar sanda, sannan a riƙa juyawa da hannu sannu a hankali. Da farko zai yi tauri, sai a ji ƙara ƙwas, daga nan ya fara tahowa.

Gargaɗi: babu guduma, babu kurfi, babu bindigar iska ta kwance noti, babu fula mai ƙafa uku irin ta gama-gari. Duk bugun da aka yi wa fuli yana wucewa kai tsaye zuwa boris da giyoyin da ke daidaita juyin sassan ciki, kuma sabuwar sufacaja ta ninka kuɗin fuli sau da yawa.

Mataki na 7: Sa sabon fuli

A goge sanda tas, a duba ko ta sami rauni. Fulayen kasuwa iri biyu ne. Akwai mai gida biyu, wanda ake zura cibiyarsa a kan sanda sannan a ɗaure ƙananan kusoshi su matse ta. Waɗannan kusoshi a ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan da kishiyarsa, zagaye bayan zagaye, har su kai awon da takardar fulin ta faɗa, tare da ɗigon maganin hana kwancewa. Akwai kuma wanda ake matsawa ko a ɗumama shi ya buɗe a zura da sauri kafin ya huce. Idan irin na biyu ne, a ɗumama fulin shi kaɗai nesa da mota, kada a kusantar da harshen wuta bakin sufacaja, domin robar da ke tare mai tana nan daf da shi.

A tsayar da shi daidai tazarar da aka rubuta, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a gwada shi da sauran fulaye, a juya da hannu a tabbata bai taɓa jikin sufacaja ba. A injin Jaguar da Range Rover mai lita 5.0, fulin da aka rage da yawa ba ya shiga sai an goge hancin sufacaja, kuma wannan aiki ne da ba a komawa baya, abin da ya ƙara ƙarfafa shawarar tsayawa a ƙaramin mataki.

Wanda fulin ƙasa zai canza ya sani cewa shi ne kuma ke shanye girgizar karanshaf, don haka sabon ma dole ya zama mai wannan aiki. Kusoshinsa a motoci da yawa sau ɗaya ake amfani da su. Idan kuma bel guda ne ke juya komai, janareton caji da famfon na'urar sanyaya ɗaki su ma za su ƙara gudu.

Mataki na 8: Bel

Ƙaramin fuli yana bukatar bel gajere, babban fulin ƙasa kuma dogo. Bayan an sa, a duba alamar da ke jikin abin tsuke bel: ya kamata ta tsaya a tsakiyar tafiyarta, ba a ƙarshe ba. A bi kowane fuli da yatsa a tabbata layukan bel sun zauna cikin ramukansu.

Ƙaramin fuli yana da ƙarancin wurin da bel zai kama, alhali aikin ya ƙaru, shi ya sa sulɓewa ta zama ruwan dare bayan wannan canji. Alamarta baƙar ƙura a kewayen fuli, da matsin da ke hawa sannan ya faɗi idan juyi ya yi sama. Maganinta bel daidai da sabon abin tsukewa, ba fesa wani ruwa ba.

Mataki na 9: Fulogi, sanyi da ƙwaƙwalwar mota

A sa fulogi masu sanyi mataki ɗaya. A lambobin fulogin kamfanin NGK, mafi girman lamba shi ne mafi sanyi, wato daga 6 a koma 7. A wanke intakula da lagireton gaba, domin ƙurar hunturu da ƙwari suna toshe su har iska ta kasa ratsawa, a kuma sa sabuwar filtar iska.

Game da ƙwaƙwalwa, motoci sun bambanta. Mini tana iya jure matsakaicin canji da tsarinta na asali, ko da yake gyaran tsarin ya fi aminci. Audi 3.0 TFSI kuwa ƙwaƙwalwarta ce ke sarrafa bawul ɗin da ke sakin iska, don haka idan ba a sake tsarin ba za ta zubar da mafi yawan ƙarin matsin, a tashi a tutar babu. Duk wanda zai yi maka tsarin, ka gaya masa gaskiyar fetur ɗin da kake sha da zafin garinku, ka ce ya yi na mafi ƙarancin oktan. Ka tabbata an ajiye maka kwafin tsarin asali.

Mataki na 10: Gwaji, da kulawa bayan aiki

A tayar da inji a bar shi yana aiki a tsaye minti goma ana kallon bel. Kada ya yi rawa ko ya hau gefen fuli. A yi tafiyar kilomita 20 zuwa 30 a hankali, a dawo a sake dubawa. Sannan a maimaita gwajin mataki na 3 a hanya ɗaya, giya ɗaya, lokaci ɗaya na rana, amma a fara da rabin totur kafin a taka duka.

Abin da ake so a gani: matsi kusa da abin da lissafi ya bayar, gaurayen iska da mai tsakanin 11.5 da 12 na iska bisa 1 na mai a cikakken totur, da janyewar tartsatsi da ba ta wuce ta farko ba. Idan gaurayen ya haura 12.5, mai bai isa ba, wataƙila nozul ko famfon mai sun kai iyakarsu, sai a ɗaga ƙafa nan take. Idan zafin iskar shiga ya wuce digiri 60 a gwaji na biyu ko na uku, ni dai ba na amincewa da wannan saiti sai an ƙara girman abin sanyayawa ko an koma fuli mafi girma. Idan kunne ya ji ƙara kamar ana zuba tsaba a faranti, an riga an wuce gona da iri.

Gwajin da aka yi da sanyin Disamba ba ya wakiltar Afrilu, saboda haka a sake naɗar bayanai idan bazara ta kama, haka nan duk lokacin da aka sauya gidan mai. Bayan kilomita 500 a sake gwada ɗaurin kusoshin fuli, a ciro fulogi a duba launinsu: fari fat ko ɗige-ɗigen ƙarfe a jikinsu alama ce ta zafi da ƙwanƙwasa. A rage tazarar juyen baƙin mai, a duba birki da tayoyi da man giya tunda ƙarfin da ke bi ta kansu ya ƙaru. Tsohon fuli da tsohon bel kuma a shafa wa fulin mai, a naɗe su tare da takardar awon da aka rubuta, a ajiye inda za a same su ranar da za a sayar da motar ko ranar da awo ya ce a koma baya.